Ragowar Turaren Inna

Shekara goma sha huɗu ina koyar da kemistiri, kuma duk shekara sai na zuba gishiri da yashi a kofi na ce wa ɗalibai, "Wannan cakuɗe ne. Kowa yana nan yadda yake, don haka ana iya raba su." Na faɗa har na ɗauka babu cakuɗen da zai gagare ni.

Inna, mahaifiyarmu, ta rasu ta bar kwalba ɗaya ta turaren da take haɗawa da kanta. Ba ta taɓa rubuta abin da take zubawa ba. In an tambaye ta sai ta ce, "Hanci ne ma'auni." Bayan rasuwarta ido da tunani suka bar Baba kusan lokaci ɗaya. Idan rikicinsa ya tashi, ya ƙi abinci ya ƙi magani, yana laluben ƙofa yana kiranta, sai ƙanwata ta ɗiga turaren a matashinsa. Ya ja numfashi ya ce, "Au, ashe tana ciki." Sannan ya karɓi cokali.

Turare kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Ko an toshe kwalba, ƙwayoyinsa sai sun sulale sun bi iska. Na naɗe murfin da leda, na sa a firji, duk da haka ya sauka zuwa kaurin yatsa biyu. Muka zaga shaguna, masu turare suka shinshina suka yi ta cika baki, kowa ya haɗa nasa. Baba ya shaƙi ɗaya ya ce, "Wace baƙuwa ce a ɗakina?"

"Yaya, ki bar shi haka," in ji ƙanwata. "Mu yi ta lallaɓa shi."

"Har yaushe? Wata uku? Raba shi zan yi, in gane abin da ke ciki, in haɗa mana lita guda."

"To ki ɗibi rabi mana."

"Rabin wannan ko gindin tulun gwaji ba zai jiƙa ba."

Ranar Asabar na ɗauki kwalbar na tafi ɗakin gwajin makarantarmu. Aikin ba wuya: a ɗora ruwan a wuta, wanda ya fi saurin tafasa ya tashi tururi, ya bi bututun gilashi, ya huce ya ɗiga a kofi, sannan na biye da shi. Tsohon da ke kula da ɗakin ya tsaya a kaina.

"Malama, da kin sa tulun cikin ruwan zafi. Harshen wutar nan ba ya jin rarrashi."

Na ce masa na san aikina. Har tsaki na yi, Allah ya yafe mini.

Na farko ya ɗigo fari tas. Na biyu ya zo da ƙamshin fure, har na fara murmushi. Kafin in canja kofi, abin da ya rage a tulun ya yi ja, ya yi baƙi, ya kama gilashin kamar ƙanzo. Na kashe wuta. Na juye kofunan wuri ɗaya, na girgiza, na shinshina. Ƙauri.

Wannan ma ina koyar da shi, a zango na biyu. Zafi in ya wuce kima, ƙwayoyin zarra sukan saki juna su ƙulla da wasu, abin da ya fito sabon sinadari ne, girgizawa ba ta mayar da shi. Ko ƙwaya ɗaya ba ta ɓata ba, duk suna nan cikin ɗakin, a labule, a mayafina. Ba ni dai da hanyar tara su. Garin neman gira na rasa ido, na zauna a kujerar ɗalibai na yi kuka.

Da na koma gida ƙanwata ta dubi kwalbar, ta dube ni, ta kawar da kai. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Baba na bakin gado, abincinsa ya huce. Na ɗiga masa abin da na kawo, ina addu'a a zuci.

Ya ja numfashi, ya ɗaga kai.

"Wani abu na ƙonewa. Ku kira ta, ta bar tukunya a wuta."

Ya ture cokalin, ya juya wajen ƙofa yana jira.