Ban Isa Ba

Shekarar da aka buɗe dam ɗin Goronyo, Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Yankin Rima ta kai taronta can, a wani gidan saukar baƙi da ke kallon ruwa. Ranar farko aka gabatar da maƙaloli kan manoman da aka tayar daga gonakinsu. Kujeru rabi babu kowa. Washegari aka yi zaɓen shugaba, ɗaki ya cika.

Kowa ya san kujerar ta Dakta Siddiƙu ce. Mutumin Rabah ne, babban lakcara, ya daɗe a matsayi ɗaya har ɗalibansa sun fara wuce shi. Da shi aka kafa ƙungiyar. Shi ke hawa babur zuwa Kagara da Giyawa, ya zauna da waɗanda ruwa ya cinye wa fadama, ya ji yadda barci ya ƙaurace musu. Kwamitin ƙarin girma na jami'a ya gaya masa rubuce-rubucensa sun isa, abin da ya rage bai taɓa shugabantar ƙungiyar masana ba. Ritaya ta matso. In bai hau kujerar a wannan zaɓen ba, ba zai zama farfesa ba.

Mai barin kujerar, Farfesa Gidaɗo, shi ya jagoranci zaɓen. Ɗan babban gida ne a Wurno, gidan malamai da alƙalai. A gefensa Dakta Lawwali ke zaune, ɗalibinsa, wanda ya riƙo masa jaka tun daga mota.

Dakta Hauwa'u, wadda ba ta daɗe da dawowa daga karatu a Turai ba, ta miƙe ta tsayar da Siddiƙu. Wani malami daga kudu ya mara mata baya. Aka tafa. Farfesa ya tambayi Siddiƙu ko ya amince.

Siddiƙu ya yi abin da mahaifinsa ya yi ranar da aka ba shi limanci. Ya miƙe, ya sunkuyar da kai.

"Allah shi gafarta Malam, ni ban isa ba. Akwai manya."

Ya zauna yana jira. Daga Rabah har Dinawa haka ake yi. Mutum ya ce bai isa ba, jama'a su ce ya isa, ya sake kaucewa, sai babban da ke wurin ya ce masa ba shawara ake yi da shi ba, umarni ne. Sannan ya karɓa, a yi addu'a. Wanda ya miƙa hannu tun kiran farko, har jikokinsa sai an yi wa gori.

Farfesa bai sake kallonsa ba. Ya juya ga baƙin da suka zo daga kudu ya ce musu da Turanci ɗan takara ya janye, ya sa sakatare ya rubuta haka, ya tambaya ko akwai wani suna.

Hauwa'u ta sake miƙewa. Ta ce Malam Siddiƙu bai janye ba, kara ya yi, kuma duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san haka. Ta nemi a sake tambayarsa. Farfesa ya yi murmushi ya ce tsarin mulkin ƙungiya bai san kara ba. Ya ce abin mamaki ne a ce ita, da ta zauna cikin Turawa, ita ke son a mayar da taron masana zauren mai unguwa. Wasu suka yi dariya.

"To Baba, a tambaye shi da Turanci," in ji ta.

"Ɗiyata, mutum ya hwaɗi da bakinai. Mu da munka karanci halin ɗan Adam, mu za mu ce mashi bai san abin da yac ce ba?"

Ido ya koma kan Siddiƙu. Kalma ɗaya ta ishe shi. Amma faɗinta na nufin ya tashi gaban baƙi ya ƙaryata babban mutum, ya kuma roƙi abin da bakinsa ya gama cewa bai isa ba. Ya zuba wa tafin hannunsa ido. Malaman yankin, waɗanda aikinsu ne su ɗaga murya su ce ya isa, kowa ya sami abin nema a cikin jakarsa. Ƙarin girman yawancinsu ta hannun Farfesa zai bi.

Wani ya tsayar da Lawwali. Farfesa ya tambaye shi ko ya amince, kafin ya rufe baki Lawwali ya ce ya karɓa. Babu abokin takara. Aka shafa fatiha. Farfesancin Siddiƙu ya ƙare a nan, kafin azahar.

A bakin ƙofa Hauwa'u ta tare shi. Ta tambaye shi mi ya hana shi magana, ta ce shekarun da ya kwashe yana shan rana a hanyar Giyawa ya miƙa wa mai riƙon jaka. Ya ce a zauren kakan Farfesa mahaifinsa ya yi karatu. Ta ce wannan ba amsa ba ce. Ya ce ya sani.

Bayan salla aka shimfiɗa tabarmi a inuwa, aka kawo tuwon shinkafa da kifin dam, an yanka masa albasa da yawa. Siddiƙu ya ɗauki jakarsa ya nufi babur. Farfesa ya hango shi.

"Malam Siddiƙu, bismilla."

Siddiƙu ya tsaya ya ce ya ƙoshi. Farfesa ya ce a'a, ba a yi haka ba, ya matsa ya yi masa wuri a gefensa. Siddiƙu ya cire takalmi ya durƙusa a bakin tabarma, ya yi godiya, ya ce alhamdu lillahi, tafiya ce a gabansa. Farfesa ya sa hannu ya ɗauko mafi girman kifin ya ajiye a gabansa.

"Ba shawara nika yi da kai ba. Zamna ka ci."

Hauwa'u ta ajiye cokali. Daga tabarmar mata ta yi maganar, kowa ya ji.

"Ashe Baba bai mance yadda ake yi ba."

Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Baƙin kudu suka tambayi na kusa da su me aka ce, ba a sami mai fassara ba.

Siddiƙu ya dubi kifin. Ya dubi sakatare, wanda loma ta tsaya masa a hannu.

"Sakatare, rubuta. Na janye."

Ya sa takalminsa. Aka ji babur ya tashi, ya hau hanyar Rabah.

Farfesa ya ɗan jima yana kallon kifin, sannan ya tura shi gaban Lawwali ya ce bismilla. Lawwali ya ja kwanon.