Shekarar da Aka Hana Yasar Kwata

A unguwar su Inna Ladidi, can bakin Gusau ta hanyar Bungudu, ba a jiran kowa ya zo yasar kwata. Da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, mai unguwa zai sa a yi shela bayan sallar Juma'a, washegari maza su fito gayya da shebur da manjagara da baro, su bi kwatar tun daga bakin titi har inda take zuba a rafi. Mata kuma su dama kunu. Haka aka taso aka tarar. Babu wanda gayyar nan ta dama kamar Ladidi, domin daidai bayan ɗakinta kwatar take lanƙwasa. Ɗakin ƙasa ne, marigayi mijinta ya gina shi da hannunsa, kuma shi kaɗai ya rage mata bayan an raba gado. In an yashe kwata, ruwa ya wuce abinsa. In ba a yashe ba, a gindin bangonta yake tsayawa.

Bana sai ga Malam Dalhatu, ƙanin mai unguwa, wanda ya yi ritaya daga sakatariya amma bai yi ritaya daga son shugabanci ba. Shi ya kawo labarin wata ƙungiya da za ta gina magudanar siminti a unguwannin da ambaliya ta fi yi wa barazana. Za su turo mutane su duba da idonsu. Nan take aka kafa kwamiti, ba sai na gaya muku wanda ya zama shugaba ba.

Abu na farko da kwamitin ya yi shi ne ɗage gayya.

Ladidi ta yafa mayafi ta same shi a zaure.

"Malam, mi nika ji? An ce ba a yasar kwata bana?"

"Inna, ni na san aikin mutanen ga," in ji Dalhatu, yana gyara zaman hula. "In sunka zo sunka iske kwata tas, mi za su gina muna? Sai su wuce su ba wata unguwa. A bar ta yadda take su ɗauki hoto. Suna tahiya, mu yi gayya."

"In ruwa ya riga su zuwa fa?"

"Allah shi kiyaye."

"Amin. Amma bangona na, ba naka ba."

Ya yi mata dariya irin wadda ake yi wa tsofaffi. Ta fito ranta a ɓace.

Baƙi dai shiru. Yau a ce suna wani taro a Abuja kan sauyin yanayi, gobe a ce motarsu ce ke gareji. Kwata kuwa sai cika take. Leda, robobi, tsummokara, yashin da ya gangaro daga titi. Abin haushin ma, an daina yi wa masu zuba shara faɗa. Dalhatu yakan zagayo da yamma, hannu a baya, ya duba tulin dattin kamar manomi na duba gonarsa.

Da aka yi yayyafin farko, Ladidi ta shafa gindin bangonta ta ji danshi. Ta aika aka kira mata ƙaninta Ashiru, direban da ke jigila tsakanin Gusau da Tsafe. Ya ajiye mota a tasha, ya ari shebur, ya naɗe wando ya shiga lanƙwasar. Bai cika baro ba mutane suka taru a kansa. Ba 'yan kwamiti kaɗai ba, har da maƙwabtan da suka sha kununta shekara da shekaru.

"Haba Inna!" in ji wani. "Don ɗaki guda za ki hana unguwa duka alheri?"

Wannan maganar ta fi komai yi mata zafi. Ashiru ya so ya yi rigima, ita ta hana shi, don a cikinsu take zaune, shi kuwa gobe yana kan hanya. Ya fito yana huci, ya jera mata buhunan yashi a gindin bango. Su ma Dalhatu ya ce a janye su gefe, za su ɓata hoto.

Ruwan ya zo bayan la'asar, kamar da bakin ƙwarya. Ladidi ta kwashe tukwane da katifa da akwatin kayanta zuwa zauren maƙwabta, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. Ruwa ya iso lanƙwasa ya rasa hanya, ya taru, ya hau. Bangon bai faɗi lokaci ɗaya ba. Sai da ya jiƙe, ya tsage, ya ɗan jingina kamar mai jin barci, sannan ya zauna, rufin ya bi shi. Ba ta yi kuka ba.

Kuma ka ji ikon Allah, baƙin da aka yi ta jira sai ga su tun laka ba ta bushe ba, mota biyu, da takalman roba sababbi ful. Dalhatu ya wuce da su kai tsaye bayan ɗakin Ladidi, babbar rigarsa na jan ƙasa. Aka ɗauki hoto ta gabas, aka ɗauka ta yamma. Wata budurwa mai suna Hafiza, ɗaya daga cikin baƙin, ta durƙusa ta yi mata jaje, har da hawaye. Ladidi ta amsa, don yarinyar ba ta san komai ba.

Unguwar ta samu aikin. Dalhatu da kansa ya kawo albishir, baki har kunne, a daidai lokacin da Ashiru ke kwaɓa ƙasa zai tayar mata da bango. Bayansa akwai injiniya da igiyar awo da gwangwanin jan fenti.

"Inna, ɗakinki ya ciwo muna aikin ga," in ji Dalhatu. "Allah shi saka da alheri."

Injiniya ya ja igiya. Sabuwar magudanar za ta fi tsohuwar faɗi, kuma ba za ta lanƙwasa ba, miƙewa za ta yi. Ya taka kan ɓaraguzai, ya wuce inda gadonta yake a da, ya kafa turke a bakin ƙofar ɗakin, ya shafa masa ja.

"Malam, dakata da kwaɓin nan," ya ce wa Ashiru. "Nan hanyar ruwa ce yanzu."

Ladidi ta dubi turken, ta dubi Dalhatu.

"To ni ina zan kwana?"

Dalhatu ya gyara hula. Ya ce kwamiti zai zauna a kai.