Mama Waigi da Dutsenta

Birkin hannun motar Baba ya saki tun auta tana rarrafe, ga shi yanzu har ta yi aure. In ya ja sandar sai ta miƙe tsaye ƙiƙam, motar kuwa ta ci gaba da gangarawa abinta. Giyar motar ma ba ta da amana, gidan kuma a kan gangare yake. Maganin da Baba ya samo shi ne wani dutse mai girman ƙwarya, da kuma matarsa. Duk inda za shi tana gaban mota, dutsen a ƙafarta. Ya taka birki, ta sauko ta cusa shi a bayan taya, sannan ya ɗage ƙafa. Da sabon zane ta yi wannan aiki, a ƙofar banki ta yi shi, har 'yan layi suka laƙaba mata Mama Waigi, wato abin tokare taya.

Mita kuwa ta sha yi. Kullum sai ta ce ita ba ta sani ba ko aure ta zo ko karen mota. Baba ya yi kunnen uwar shegu da ita.

Mijin auta bakanike ne, sabon suruki mai neman suna. Ranar da ya ga Mama durƙushe a gindin taya, kunya ta kama shi. Ya ɗauko sifana, ya ɓalle robar da ke gindin sandar, sai ga wani ɗan noti a kan waya. Ya ɗaure shi, ya ja sandar ta cije tun a rabin hanya, sannan ya ɗaga bayan motar da jak ya juya tayoyin, don kada ya zamana ya matse da yawa. Mama na tsaye a kansa tana sa albarka tana harar Baba. Ashe noti ɗaya ne ya mai da ita lebura shekara da shekaru.

Washegari Baba ya ɗauki makulli, ta jawo mayafi.

"Yi zamanki ki huta," in ji shi. "Ai mota ta samu lafiya."

Ta huta ranar, ta huta washegari, daga nan hutun ya fara yi mata ciwo. A cikin motar nan kaɗai Baba yake hira, a gida kuwa rediyo ya aura. A mota suke gulmar maƙwabta, a mota suke faɗa su shirya. Yanzu in ya dawo ta tambaye shi gari, sai ya ce lafiya lau, ya miƙe ƙafa. Kewarsa ta dame ta, ga haushin surukin, wanda ba ta da bakin zagi tunda da bakinta ta sa masa albarka.

Ran nan da Baba ya shiga wanka, ta ɗauko sifanar da yaron ya manta, wadda ta ajiye masa a ƙasan gado. Ta fara cusa dutsen a bayan taya, don ita ba mahaukaciya ba ce, sannan ta ɓalle robar ta warware notin yadda ta ga an ɗaure shi.

Baba ya fito ya shiga mota. Ya ja sandar, ta miƙe har sama. Ya dubi sandar, ya dubi baƙin man da ke yatsun Mama. Tana cikin haɗa ƙarya ya ja tsaki.

"Aikin yaran zamani ke nan, ba ƙarko. Kada ki gaya wa yaron, zai ji kunya. Ɗauko mayafinki."

Ya taka birki, ta zare dutsen, ta shiga gaba tana mita cewa ita dai an rantse ba za a bar ta ta huta ba. Sai da suka hau titi ya yi gyaran murya, idonsa a kan hanya.

"Wai a ina kika ɓoye sifanar nan? Babu inda ban neme ta ba."