Kyaftin da Lambar Jinƙai

Kyaftin yana cikin liƙa ƙafar wata kujerar ƙarfe Koci, mai horar da ƙungiyarsu, ya faɗo shagon waldarsa, baki har kunne.

"Kashe injin nan ka sha labari. Majalisar birni za ta karrama mu a taron lambobin yabo na bana."

Kyaftin ya ɗage gilashin walda zuwa goshi, ya juya kekensa da hannu ɗaya. Ko kaɗan bai yi mamaki ba. Ƙungiyarsu ta ƙwallon kwandon keken guragu ita kaɗai ta kawo wa birnin kofi a shekarar, kuma kekunan da aka ci kofin a kansu shi ya ƙera su a shagon nan.

"Ai dama lokaci ya yi," in ji shi. "Ta wasanni ko?"

Koci ya shiga sosa ƙeya. "To, ka san lambobin kashi-kashi ne. Akwai ta hidimar unguwa, akwai ta wasanni, akwai ta jinƙai."

"Mu wacce?"

"Ta jinƙai. Ta wasanni su Dogo aka ba."

Su Dogo 'yan kwando ne masu ƙafa, samari zanƙala-zanƙala, waɗanda aka yi waje da su tun a wasan kusa da na ƙarshe. Kyaftin ya dubi Koci.

"Wa muka yi wa jinƙai? Ko mu aka yi wa?"

"Haba Kyaftin, lamba ai lamba ce. Ka karɓa, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa."

In don ta kansa ne, da ya bar maganar. Tun yana yaro yake shan "sannu, bawan Allah" daga mutanen da ya fi ƙarfin damtse, har abin ya daina damunsa. Amma akwai 'yarsa, wadda yake kira Uwata. Yarinyar ta cika kunnen 'yan ajinsu da cewa babanta zakara ne, kuma ta riga ta goge kayan da za ta sa ranar taron. Abin da za a kira shi a gabanta shi ne ya tsaya masa a rai.

Ranar taron zauren majalisa ya cika. Aka kira wata ungozoma da ta shekara da shekaru tana karɓar haihuwa a unguwarsu, Kyaftin ya tafa mata har tafinsa ya yi zafi, don ta cancanta. Aka kira su Dogo, suka karɓi tasu suna ta washe haƙora. Sai mai gabatarwa ya sassauta murya kamar wanda ya zo gaisuwar mara lafiya.

"Yanzu kuma sai waɗansu bayin Allah, waɗanda duk da halin da suka tsinci kansu a ciki..."

Kyaftin ya waiga. Uwata ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. Ya tura keke ya isa gaba, ya gaida Shugaban majalisa cikin ladabi, ya nemi a miƙo masa makirufo. Hannunsa bai taɓa lambar ba.

"Ranka ya daɗe, mun gode da aka tuna da mu. Sai dai wannan lambar akwai masu ita, masu ciyar da marayu da masu jinyar marasa gata. Mu ba mu ciyar da kowa ba, ƙwallo muke bugawa." Ya juya wajen su Dogo. "Ina da kekuna a shago, lafiyayyu. Ku zo ku hau ranar Asabar mu buga. In kun ci mu, na karɓi wannan da hannu biyu. In mun ci ku, majalisa ta sake duba sunan da ta sa mana."

Koci ya rasa inda zai sa kansa. Can sai Dogo ya miƙe yana murmushi.

"Mun yarda, Kawu. Amma kada ka ce ba mu tausaya maka ba."

Shugaban ya yi dariya ya ce shi ma zai zo kallo, a ajiye lambar tukuna.

Ranar Asabar su Dogo suka hau kekuna suna ta barkwanci. Da aka busa usur sai suka riƙa kauce wa su Kyaftin, suna ba su hanya, wanda ya ɗan gogi wani ya ce "yi haƙuri". Wannan ya fi komai ƙona ran Kyaftin. Ya ƙwace ƙwallo daga cinyar Dogo, ya jefa a kwando. Ya sake ƙwacewa, ya sake jefawa. Da ya zo wucewa ta gefen Dogo ya ce masa, "Ɗana, tsawon naka a gida ka baro shi?"

Kafin a tafi hutun rabin lokaci dariya ta ƙare. Hannuwan su Dogo sun yi bororo, gumi ya yi musu sharkaf, 'yan kallo kuma sun fara yi musu ihu. Aka dawo Dogo ya sha mur, ya daina kallon ƙafafun kowa, ƙwallo kawai yake kallo.

Ana dab da tashi, su Kyaftin na kan gaba, Kyaftin ya taho da gudu zai sake jefawa. Dogo ya turo kekensa iya ƙarfinsa ya banke shi ta gefe. Keken ya kife, kafaɗar Kyaftin ta daki ƙasa. Dogo ko waiwaye bai yi ba, ya suri ƙwallon ya nufi ɗaya kwandon yana haki. Alƙalin wasa ya busa usur.

Daga cikin 'yan kallo muryar Uwata ta fi ta kowa tashi, tana tsaye a kan benci.

"Alƙali, ƙeta ce! Tsoron babana yake ji!"

Kyaftin yana kwance, kuncinsa a kan siminti, kafaɗa na masa zugi, sai ya ji daɗi ya cika masa ciki har ya fashe da dariya. Koci ya rugo zai ɗaga shi, ya ɗaga masa hannu ya tsaya. Ya dafa ƙasa, ya murɗa jikinsa, ya tayar da keken da kansa, sannan ya miƙa wa alƙalin wasa hannu a ba shi ƙwallonsa.