Tudun da Na Gina

Ni magini ne, kuma in za a faɗi gaskiya babu wanda sabon titin nan ya yi wa rana a garinmu kamar ni. Kafin a shimfiɗa shi, sai in yi wata biyu ban kwaɓa siminti ba, in dai ba katangar wani ruwa ya ci ba. Da aka zuba kwalta, kowa ya tuna ashe yana da fili a bakin hanya. Shago goma sha ɗaya na gina a shekara guda. Mai faci, wanda da can tayar keke yake liƙewa a gindin bishiya, ya sayi injin ba da iska har ya fara ajiye tumbi. Tsohuwar kasuwa kuwa ta mutu murus, sai awaki ke kwana a rumfunanta. Da kuɗin shagunan nan na kai 'yata ta fari makarantar koyon aikin jinya a birni. Tun ba ta iya riƙe allura ba muke kiranta Likita, ita kuma tana amsawa ba ko kunya.

Sai dai titin ya raba garin biyu. Gidaje na nan gefe ɗaya, famfo da makaranta da asibitin sha-ka-tafi suna ɗaya gefen. Mu kuma mutanen tsohuwar hanya ne, mai ramuka. A da in ka jiyo kukan babbar mota, kana da lokacin da za ka ƙarasa gaisuwa, ka tambayi lafiyar iyali, sannan ka tsallaka a natse. Yanzu titin yana hawo wani tudu ne daga gabas, ya gangaro cikin gari, kafin kunnenka ya gaya wa ƙafarka komai motar ta iso. Awaki aka fara bugewa, muna ta raha wai gari ya samu mahauci na kyauta. Rahar ta ƙare ranar da aka kwashi tsohuwa mai sayar da itace a cikin tabarma. Bayan wata biyu sai matar tela, da bokitinta a ka. Daga nan tsoro ya shiga kowane gida. Matata ta daina aiken yara famfo, in na fita kuma sai ta tsaya a ƙofa har ta ga na tsallaka.

Ranar da aka dawo daga binne matar tela muka taru a shagon mai faci. Dattijon unguwa, wanda shi ke rubuta mana takarda in za a kai kuka ofis, ya ce sau uku yana rubutawa a zo a yi mana tudun rage gudu, ko amsa ba a ba shi ba.

"To mu zauna a ƙarar da mu ɗaya bayan ɗaya ke nan?" in ji tela. Idonsa ya yi jajur, babu wanda ya iya kallonsa.

Mai faci ya nuna ni da baki. "Ga magini a zaune. Siminti buhu nawa ne zai gagare mu?"

"Ban taɓa gina irinsa ba," na ce.

"Haba maigida! Kai da ka ɗora bene? Ɗan tudu ne fa, ba gada ba."

Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye ba. Ni mutum ne da in aka yabi aikina kaina yake kumbura. Washegari aka tare titin da gungumen itace da tsofaffin tayoyi, aka karkatar da motoci ta bayan shaguna, direbobi na ta zaginmu muna ta yi musu dariya. Na auna, na kafa katako, na zuba kankare har da rodi a ciki. Abin da hannuna ya sani shi na yi: na gina shi kamar yadda nake gina dokin ƙofa don kada ruwa ya shiga ɗaki, tsayinsa ya kusa taƙi guda, bakinsa a tsaye cak. Da na koma gefe na dube shi, wallahi sai da na yi murmushi.

A rana ta uku, da ya bushe, dattijo ya zo ya daɗe yana kallonsa, fari tas a kan baƙin titi.

"Wannan ai daga nesa za a hango shi," ya ce. "In mutanen ofis suka wuce suka gani, gobe za su turo a fasa, wataƙila ma a tafi da magini. A ɓatar da shi."

Kowa ya ce dattijo ya yi hangen nesa. Mai faci ya kawo baƙin mai jarka biyu, na gauraya da guntun kwaltar da masu aikin titi suka bari, na shafe tudun da hannuna, lungu-lungu. Da na gama, in ba ka san yana wurin ba, ba za ka ce akwai komai ba. Tsoron ofis ya cika mana ciki har babu wanda ya tuna cewa abin da aka ɓoye wa ma'aikaci an ɓoye wa direba ma.

Wajen ƙarfe huɗu na yamma aka janye gungumen da tayoyin, mai gungumen ya loda abinsa a amalanke ya tafi. Masu babur na gari suka fara wucewa, su da suka san da shi, suna hawa a hankali suna ɗaga mini hannu. Sai ga wata ƙaramar mota ta gangaro daga gabas a guje.

Ban taɓa ganin mota ta tashi sama ba sai ranar. Ta daki tudun, gabanta ya ɗaga, ta dawo ƙasa da wata ƙara da na ji har cikin haƙorana, taya ta fashe, ta yi ta jan ciki har ta faɗa kwata. Direban ya fito da jini a goshi yana tangaɗi. Wasu samari har da tafi, suna cewa tudu ya yi aiki. Ni kuwa ban tafa ba. Mutum ɗaya ne a motar nan, kuma ƙarama ce. Na tuna motocin haya da ke biyowa da mutum goma sha takwas.

Na ruga shago na ɗauko babbar guduma na hau dukan bakin tudun. Gudumar sai tsalle take yi tana dawowa, kafaɗuna kamar za su cire. Ina cikin haka na ji an riƙe rigata. Matata ce, ko takalmi babu a ƙafarta.

"Baban Likita, yarinyar nan fa tana hanya."

"Wace yarinya? Ba sai gobe ba?"

"An sallame su yau. Ta kira ni tun ƙarfe biyu, ta ce sun tashi daga tasha. Na yi shiru ne don ta ba ka mamaki."

A tsohuwar hanya tafiyar awa shida ce. A sabon titi awa biyu ce da 'yan mintoci, kuma ni da bakina na sha yin alfahari da hakan. Na zaro waya na kira ta. Tana shiga, ba a ɗauka. Na sake kira, haka. Na san halinta, wayar na can ƙasan jaka, ita tana barci ko tana zuba surutu da wadda ke kusa da ita.

"A mayar da tayoyin!" na yi ihu. "A tare hanya!"

Mai faci ya fara mirgino taya, amma ni na san banza ne. Wanda ya hawo tudun gabas da gudu ba zai ga komai ba sai ya fara gangarowa, lokacin kuma birki ba zai cece shi ba. Dole a tsayar da shi tun daga sama. Na fizge jan mayafin da ke kafaɗar matata na kama gudu.

Shekarata hamsin da uku, rabona da gudu har na manta. Ƙirjina kamar an hura wuta, ina hawa ina addu'a, ina cewa Allah ka sa tayarsu ta yi faci, Allah ka sa sun tsaya shan mai. Da na kai sama na hango titin ya miƙe fetal, can nesa kuma ga farar motar haya tana tahowa, kaya a ɗaure a samanta. Na shiga tsakiyar titi ina kaɗa mayafi ina ihu.

Sai daga baya na gane abin da direban ya gani. Tun da aka buɗe titin 'yan fashi suka gano shi, sun tare motoci sau da dama a dajin da ke gabanmu, har direbobi suka yi wa juna alkawari ba mai tsayawa don wani ya ɗaga hannu a inda babu gida. Shi kuma ga ƙato a tsakiyar hanya, baƙin mai har gwiwar hannu, ido a waje, da guduma. Ban ajiye gudumar ba. Ko sanin tana hannuna ban yi ba.

Na ji kukan injin ya ƙaru maimakon ya ragu. Ya kauce mini kaɗan ya wuce, iskarsa ta kusa kayar da ni. A tagar baya na ga Likita. Ta gane ni, fuskarta ta washe, ta manna tafin hannu a gilashi tana ɗaga mini ɗaya hannun. Ta ɗauka tarbarta na fito.

Na juya na bi motar da gudu ina kiranta. Ban kai rabin gangaren ba na ji ƙarar.

Direban bai kai asibiti ba, haka ma wata mata da ke gidan gaba. Likita ta rayu, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ta jin komai. Da mutanen ofis suka zo da 'yan sanda, gari kaf ya ce bai san wanda ya yi ba, an wayi gari ne aka gani. Har tela ya rantse. Suka kawo injin suka fasa tudun, suka tafi.

Wata bakwai ke nan tana gida. Ni nake ɗaukarta da safe in fito da ita tsakar gida, ni nake mayar da ita. Ba ta tuna komai bayan fuskata a kan titi, kuma takan ba 'yan dubiya labarin yadda Babanta ya taka har bayan gari don ya tarbe ta. Rannan ina gyara mata matashi ta riƙe hannuna.

"Baba, har yanzu ba a gano wanda ya gina abin nan ba?"

"Ba a gano ba, uwata."

"Ni ba so nake a ɗaure shi ba. So nake kawai in ga fuskarsa, in tambaye shi ko yana da 'ya'ya."

Na ce mata ta bar wa Allah. Tun ranar na daina karɓar aiki mai nisa. Duk wanda ya yi sallama ya shigo dubiya, babba ko yaro, sai in ja kujera in zauna a bakin ƙofa, ina kallon bakinsa har ya tashi, gudun kada magana ta suɓuce masa.