Inda Gatarin Mainasara Ya Bi

Shekara uku ƙanena Mainasara yana aikin dam ɗin Kainji, cikin masu sare itatuwa a inda ruwa zai kwanta. Da aka toshe kogi, sai aka sallame su kaf. Ya dawo Warra ba ya ko son magana.

Wallahi na tsani watannin nan. Ƙaton saurayi, sai ya wuni a zaure yana kallon bango. Sau huɗu yana zuwa Yelwa neman aiki, ko'ina a ce masa yaƙi ake yi, ba a ɗauka. Ya rame, ya daina wanka, ya fara magana shi kaɗai. Inna ta yi kuka har ta gaji. Ni kuwa masifa na dinga yi masa, don tsoro nake ji kada hankalinsa ya gushe muna kallo.

Masunta ma ba daɗi suke ji ba. Mijina Hammadu ya san tsohon kogi sarai, amma sabon tafkin nan ya gagare shi. Duk sa'ad da ya jefa taru, itatuwan da ruwa ya haɗiye sai sun yayyaga shi. Rannan yana tsakar gidan Inna yana ɗinkin taru yana mita, sai muka ji murya daga zaure.

"A ina ka jefa?"

Hammadu ya ce, "Daura da tsohuwar kukar nan da kanta ke leƙowa."

"Haba! Ai gatarinmu bai kai can ba, daji ne a ƙasa. Daga dutsen nan zuwa bakin rafi muka share."

Na ce, "Au, ashe kana da baki? Tashi ka nuna masa, malalaci!"

Sai da na ja hannunsa har bakin ruwa. Ya tsaya a goshin jirgin Hammadu yana duban tuddai, yana nuni. Da azahar suka dawo, taru ko zare ɗaya bai tsinke ba, ga giwan ruwa biyu da sai da mutum uku suka kinkima.

Washegari jirage tara na ƙirga a bayan nasu. Ina ɗauke da kwandon kifi na jiyo Mainasara yana daka wa dattawa tsawa, "Hannun dama na ce, Baba, hannun dama!" Sannan ya tuntsire da dariya, irin tasa ta da.

Na rangaɗa guɗa har kwandon ya kife a kan yashi, ban ko waiwaye shi ba.