Duwatsun Barde Na Allah

"Kai, Haruna! Aje dutsen ga, ko in tsine ma!"

Na leƙa ta saman danga, sai ga maƙwabcina tsoho Gazali a bakin ƙofar gari, yana dogara sanda. Mutumin da tun girbi bai iya tashi daga tabarma ba! Na yar da taɓarya na ruga.

Haruna da sauran samari sun tsaya cirko-cirko gefen tarin duwatsun. A nan Barde Na Allah ya faɗi shekarar da mahara suka zo, bayan ya tare ƙofa har mata da yara suka tsira. Gazali ne mai riƙe masa garkuwa, shi ya aza dutsen farko. Ƙasarmu rairayi ce, dutse sai an ɗauko daga nesa. Duk ayarin da zai wuce Tasawa sai ya ƙara nasa.

Maigari Mamudu ya iso yana haki.

"Baba, rijiya ta sake ruftawa. Itace ba ya riƙe ta. Yara na shan ruwan tabki, ka ga yadda ciwon ciki ke kwasarsu."

"In kun kwashe, wa za ya tuna shi? Ku? Kai da ka ɓuya cikin rumbu rannan?"

Aka ƙyalƙyale da dariya. Mamudu ya sunkuyar da kai.

"Goyo nike lokacin, Baba."

"To, ai don irinka ya mutu."

Tsohon ya dubi Ramatu da ke tsaye, ɗanta a kafaɗa, wuyansa ya langaɓe. Ya daɗe yana kallon yaron.

"Zara'u," ya ce mini, "kama ni."

Na riƙe shi ya durƙusa. Ya tono wani baƙin dutse daga ƙasan tarin, ya miƙa wa Mamudu.

"Wanga za ku fara sawa. Kuma ban yarda a ɗora su bisa jaki ba. A ka za ku ɗauka, kowa ya kira sunanshi."

Haka aka yi. Gari ya fito kaf, har makiyayan da ke mashekari. Ina ba Gazali kunu a ɗaki muna jiyo su: "Na Allah! Na Allah!" Shi ko sai murmushi, yana buga yatsa a tabarma.

Kullum sai ya tambaye ni, "Sun kai ruwa?"

"Saura kaɗan, Baba."

Ranar Alhamis da hantsi aka yi guɗa daga bakin rijiya. Na juyo in yi masa albishir, na tarar ya riga ya tafi.

Mamudu da kansa ya ja gugan farko, ya hana kowa kurɓa. Ya cika tulu ya ɗauko a kansa, yana tafe a hankali, mutane na ba shi hanya, har ƙofar ɗakin da za a yi wa Gazali wanka.